Yadda Ake Neman Tikitin Jirgin Ƙasar Waje Mai Rangwame Daga Abuja

A danginmu ni ake kira idan tafiya ta taso. Ba a kamfanin jirgi nake aiki ba, zama ne kawai ya kawo ni Lugbe, a bakin hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma na daɗe ina saya wa 'yan uwa tikiti: mai zuwa Umara, mai kai mara lafiya Alƙahira, yaron da ya samu gurbin karatu a Ingila. Kwanakin baya gwaggona ta bugo daga Jos, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗana, wai da gaske ne kuɗin jirgin Masar ya haura miliyan?" Ciwon gwiwa ke damunta, likita ya ba ta ranar komawa. Na ce, "Gwaggo, da gaske ne. Amma kada ki tura wa kowa kuɗi tukuna, ki ba ni mako guda." Abin da na yi a wannan makon shi nake yi wa kowa, kuma shi zan shimfiɗa a nan.

Kafin nan ya kamata mutum ya san inda tsadar ta fito, don ya daina zargin ejan ɗinsa a kan abin da ba laifinsa ba. Tikitin ƙasar waje da dala ake yanka masa farashi, ko da naira ka biya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata daraja, farkon 2024 bai wuce ba sai da dala ta kai 1,500. Yi lissafin da kanka: tikitin dala 800 a da naira 368,000 ne, a sabon canji ya koma 1,200,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisin kwabo ba.

Sannan akwai maƙalewar kuɗin kamfanonin waje. Sun sayar da tikiti da naira, suka rasa dalar da za su mayar da kuɗinsu gida, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 abin da ya maƙale ya haura dala miliyan 800. Sai kamfanonin suka rufe kujeru masu araha a Najeriya, suka bar masu tsada kaɗai. Emirates ma ta dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, ba ta dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Ƙara da tsadar man jirgi tun ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da rufe sararin samaniyar Sudan a Afrilun 2023 wanda ya sa jiragen gabas yin zagaye. An ɗan samu sa'ida a 2024, lokacin da aka biya mafi yawan kuɗin da ya maƙale, kuma Air Peace ta fara jigilar Legas zuwa Landan ranar 30 ga Maris, abin da ya sa manyan kamfanoni suka sassauto. Canjin dala da kuɗin mai ba a hannunka suke ba. Abin da ke hannunka uku ne: ranar da za ka tashi, hanyar da za ka bi, da wanda za ka miƙa wa kuɗinka.

Fara da takardu, ba da tikiti ba

Buɗe fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata shida. Ka nemo katin rigakafin cutar shawara tun da wuri. Kada kuma ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya da kansu suna gargaɗi a kan haka. Inda aka ce sai an ga shaidar tafiya, takardar riƙe kujera daga ejan takan wadatar.

Sai batun suna, wanda mu Hausawa ya fi cin mu. Mutum ɗaya ne amma a katin ɗan ƙasa Muhammad, a fasfo Mohammed, a banki Muhammed. Wata a gida Hauwa'u ce, a fasfo Hauwa. Jirgi bai san wannan ba, abin da ke cikin fasfo kaɗai ya sani, harafi bayan harafi. Ɗauki hoton shafin fasfon ka kwafa daga ciki, kada ka rubuta da ka, ko da sunan mahaifiyarka ne. Gyaran suna bayan an fitar da tikiti yana cin kuɗi, wani lokaci ma sai an soke an sayi sabo.

Lokaci shi ne rabin farashi

Kujerun ikonomi a ido iri ɗaya ne, amma a kwamfutar kamfani an kasa su rukuni-rukuni, kowanne da harafinsa da farashinsa. Rukuni mafi araha kujerunsa 'yan kaɗan ne, da sun ƙare sai na samansa ya buɗe. Shi ya sa mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya kusan ninkin ɗaya. Kada ka kwatanta shi da ragon layya, wanda mai haƙuri kan jira jajibere dillalai su karya farashi don kada su koma da dabba gida. A jirgi, wanda ya zo a ƙurarren lokaci kamfani ya san tafiyar ta zame masa dole, don haka shi ake yanka.

Ni a tawa al'adar, tafiyar da ba ta lokacin cunkoso ba ina fara sa ido wata uku kafin ranar, in saya tsakanin mako shida zuwa wata biyu. Ta lokacin cunkoso kuwa, da zarar ranar ta tabbata nake saya. Lokutan cunkoson sanannu ne: Yuli da Agusta na dogon hutu, Satumba da ɗalibai ke kwarara Ingila, tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, sai Ramadan ga masu Umara, musamman goman ƙarshe. Sauƙi ya fi samuwa daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, da watan Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba. Ka kuma lura da alƙiblar da jama'a suka fuskanta. A tsakiyar Disamba masu shigowa Najeriya ne suka yi yawa, a farkon Janairu kuma masu fita. Wanda zai tafi kishiyar ayarin yakan samu sauƙi.

Wanda ke son Umara don ibadar kanta, ba lallai sai goman ƙarshe ba, ya duba watannin da ke bayan an buɗe Umara daga kammala aikin Hajji. Jirgi da masauki duk sun fi sauƙi, ga sarari a Harami, wanda ga tsofaffi wannan ma babbar riba ce.

Bincike: mako guda da littafi da biro

Buɗe Google Flights a wayarka. A gurbin tashi rubuta ABV, wato Abuja, a gurbin sauka inda za ka. Maimakon ka danna rana ɗaya ka tsaya, buɗe kalandar da ke nuna farashin kowace rana, ka dubi mako biyu gaba da mako biyu baya. Nan za ka ga abin mamaki, tashin Juma'a ko Lahadi yakan fi na Talata ko Laraba tsada, kuma matsar da dawowa da kwana biyu kawai yana iya sauke kuɗi sosai. Akwai maɓallin bibiyar farashi, ka kunna shi, zai riƙa aiko maka da imel idan kuɗin ya hau ko ya sauka. Sai ka maimaita a Skyscanner, inda za ka iya zaɓar wata sukutum.

Waɗannan shafuka madubi ne, ba a cikinsu ake ciniki ba. Idan ka ga kamfanin da ya yi maka, je shafinsa na kansa, ka sa ƙasa Najeriya, ka ga nawa ne da naira. Ka leƙa shafukan sayar da tikiti irin su Wakanow ko Travelstart ka kwatanta, sannan ka tambayi ejan. Rubuta farashin kullum safe da dare har kwana biyar ko bakwai. Amfanin rubutun shi ne idonka zai san farashin gaskiya na hanyar, ranar da mai kyau ya bayyana ba za ka yi shakka ba. In ya bayyana kuwa, a ranar za ka saya. Na sha ganin wanda ya ce bari ya kwana ya yi shawara, gari ya waye rukunin ya ƙare.

Ana yawan cewa wai a saya da tsakar daren Talata, ko a goge tarihin bincike don kada kamfani ya gane kana so. Na gwada duka ban ga bambanci ba. Ranar tashi ce ke da tasiri, ba sa'ar da ka danna.

Hanya: kai tsaye ko da yada zango

Daga Abuja British Airways na zuwa Landan kai tsaye, Air Peace ma ta shigo wannan hanyar a Oktoban 2025. Lufthansa na zuwa Frankfurt, Air France na zuwa Paris. Masu yada zango kuma akwai Ethiopian ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Turkish Airlines ta Istanbul, Qatar Airways ta Doha. Galibi mai yada zango ya fi sauƙi, kuma gwargwadon tsawon jiran gwargwadon sauƙin. Ga matashi mai ƙarfi, zaman awa takwas a Adis Ababa ba komai ba ne. Ethiopian da Turkish ma sukan ba da otal kyauta idan jiran ya yi tsawo kuma babu jirgin da ya fi kusa, amma da sharuɗɗa, sai ka tambaya kafin ka saya.

Ka gwada sauya filin sauka. Ɗalibin da makarantarsa ke arewacin Ingila bai da dalilin sauka Landan sannan ya biya jirgin ƙasa mai tsada, alhali ana zuwa Manchester ko Birmingham ta Doha ko Istanbul. Mai Umara ya zaɓi tsarin birane da yawa, ya shiga ta Madina ya fito ta Jidda, ya huta da zirga-zirgar mota. Ka gwada sauya filin tashi ma. Mutumin Jos ko Bauchi ko Kaduna, ya sa KAN ya ga na Malam Aminu Kano, musamman idan Saudiyya ko Masar za shi. Legas, wato LOS, ta fi yawan kamfanoni, can ne Virgin Atlantic da KLM da Delta da Kenya Airways suke, gasa kuma takan sauke farashi. Sai dai kafin ka yi murna, ɗora kuɗin jirgin cikin gida zuwa da dawowa, da otal na dare ɗaya, da tasi tsakanin ɓangaren jiragen gida da na ƙasashen waje, da kuɗin rarar kaya, don awon jirgin gida bai kai na waje ba. Sau da dama bayan lissafi sai ka ga ribar ta zurare.

A nan akwai rami guda da ya kamata a tsaya a kansa. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa idan zai canja jirgi a filayen ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su Frankfurt da Paris da Amsterdam, ko da ba zai fita daga filin ba. Haka ma a Landan. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, misali mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada, amma sharuɗɗan sun bambanta, dole ka karanta su a shafin ofishin jakadancin ƙasar. Amurka kuwa ba ta da wani zancen wucewa, duk wanda jirginsa zai taɓa ƙasarta sai da biza. Shafin kwatanta farashi ba ruwansa da wannan, zai nuna maka tikiti mai araha ta Turai, ka biya, ka zo filin jirgi a hana ka katin shiga. A Adis Ababa da Doha da Istanbul da Alƙahira ba a neman biza ga wanda bai fita daga ɓangaren masu wucewa ba, shi ya sa na fi tura 'yan uwa ta can.

Karanta abin da kake saya

Mun saba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, har muna ɗauka haƙƙi ne. Yanzu akwai farashin da jaka ɗaya kawai ya ƙunsa, akwai wanda ba jaka ko ɗaya sai ta hannu. Shi ne yake fitowa a saman jeri da kuɗi mai daɗin gani. Mu kuwa ba ma tafiya hannu rabbana, akwai kilishi da yaji da garin kunu na waɗanda za a tarar, akwai tsarabar dawowa. Jakar da ka ƙara a kan kanta a filin jirgi ta fi wadda ka saya a intanet tsada, ita kuma ta fi wadda ta zo cikin tikiti tsada. Duba abu huɗu kafin ka biya: jaka nawa, nawa ne canjin rana, ana mayar da kuɗi ko ba a mayarwa, kuma nawa ne tarar rashin zuwa. Mai kai mara lafiya ya fi kowa buƙatar tikitin da canjin ranarsa ke da sauƙi, don likita ne ke yanke ranar dawowa.

Kada ka tsallake zangon farko na tikiti da nufin shiga a na biyu. Da ka rasa ɗaya, kwamfuta takan soke sauran, har da na dawowa. Na ga wannan a kan ƙanena. Mun samu farashi mai kyau daga Legas, muka sayi na cikin gida daban, na safiyar ranar, muna ganin awa bakwai sun ishe shi. Watan Janairu ne, hazo ya rufe gari. Yana zaune a ɗakin jira a Abuja da jakunkuna biyu da Mama ta ɗaure da igiya, ana ta ɗaga lokaci, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa biyar. Ya sauka Legas an riga an rufe kanta. Da yake tikitin biyu ba a haɗe suke ba, kamfanin waje ya ce ba ruwansa, sai da muka biya tara da cikon sabon farashi, abin da ya ninka rangwamen da muka samu. Tun ranar, in dai tikiti biyu ne daban, ana gobe tafiya mutum zai kwana a garin da babban jirgin zai tashi. In kuwa tikiti ɗaya ne ya haɗa duka zangunan, kamfani ne ke da alhakin sama maka wani jirgin.

Wa za ka ba kuɗin?

Ejan nagari yana da amfani. Yana ganin rukunonin kujeru a na'urarsa, yana iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci, kuma idan matsala ta taso da dare akwai wanda za ka kira. Nemi mai rajista da IATA ko ɗan NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya, mai ofis da za ka iya takawa ka shiga, kuma ka biya a asusun kamfani. Wanda ya ba ka farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, a WhatsApp, yana cewa ka turo yanzu-yanzu, ka ja da baya.

Ga abin da kowa ya kamata ya haddace. Lambar bukin mai haruffa da alƙaluma shida, wadda ake kira PNR, ba tikiti ba ce, riƙe kujera ne kawai, kuma yana faɗuwa idan ba a biya ba. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: Ethiopian 071, EgyptAir 077, British Airways 125, Qatar Airways 157, Lufthansa 220, Turkish Airlines 235. Da ejan ya ce ya fitar, shiga shafin kamfanin jirgin, sa PNR da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo, ka ga lambar nan da idonka. Ka sake dubawa ana saura mako guda. Mutane nawa aka ba takarda mai tambari mai kyau, suka yi sallama da dangi, suka zo kanta aka ce ba su cikin jirgi.

Wajen biya, idan shafin ya ba ka farashi da naira da kuma dala, lissafa na dalar da canjin ranar, ko na banki ko na 'yan canjin Zone 4, ka zaɓi mai sauƙi. Katin naira yana da iyakar abin da zai biya a waje, don haka ka tambayi bankinka tun kafin ranar, kada kati ya ƙi wucewa farashi ya tsere. Mai zuwa Amurka da ya saya kai tsaye daga kamfani, saura aƙalla mako guda a tashi, dokar can ta ba shi awa 24 na riƙe kujera ko fasawa ba tara.

Akwai ƙananan rangwame da mutane ke mantawa. Qatar Airways da Turkish Airlines suna da tsarin ɗalibai mai ragi da ƙarin kaya. Jaririn da bai kai shekara biyu ba ɗan kaso kaɗan ake biya masa idan a cinya zai zauna, yaro ƙasa da shekara 12 ma yakan samu ragi. Mutum goma zuwa sama suna iya neman farashin ayari. Katin tara maki kyauta ake buɗe shi, kuma Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, kati ɗaya ya isa ka riƙa tarawa a dukkansu.

Shi kuwa tikitin Gwaggo, da na gama rubuce-rubucena sai zaɓi ya rage biyu: na Adis Ababa mai doguwar jira wanda ya fi araha, da na kai tsaye zuwa Alƙahira. Na matsar da tafiyar daga ƙarshen mako zuwa tsakiyarsa, kuɗin na kai tsayen ya sauko har ya kusa kama ɗayan. Na kira ta na ce, "Gwaggo, akwai wanda ya fi wannan sauƙi, amma za ki yini a kujerar filin jirgi da wannan gwiwar. Ni dai na kai tsayen na zaɓa miki." Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, yadda ka gani." Na ɗauki mai jaka biyu da sauƙin canjin rana, na nemi a tanadar mata keken tura marasa lafiya, wanda kyauta ne in an nema kwana biyu kafin tashi. Ana gobe tafiya ta taso daga Jos da sassafe, ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi, ta kwana a wurinmu. Awa uku kafin tashi muna gaban kanta, fasfo da katin rigakafi da takardar asibiti a jakar hannunta, lambar tikitin kuma na rubuta mata a takarda na sa cikin fasfon.